Tijjani al-Mahi, likitan da ya nemi abokan aiki a zauren shehunai

A Umdurman, idan aka ce an kai wane Tijjani al-Mahi, ba a buƙatar ƙarin bayani. Kowa ya san asibitin masu taɓin hankali ake nufi, kamar yadda Bakano yake gane zancen da zarar an ambaci Dawanau, ko mutumin Kaduna idan aka ce Barnawa. Sunan ya shiga bakin mutane har ya zama abin zolaya tsakanin abokai, kuma da yawa daga cikin masu furta shi ba su san cewa sunan wani likita ba ne, wanda ya taɓa zama shugaban ƙasar Sudan na ɗan lokaci. Shi kansa bai ga asibitin da sunansa a kai ba, domin an buɗe shi ne a 1971, shekara guda bayan rasuwarsa.

Aikin da ya yi da hannunsa ya fi ginin asibitin wuya. Ya dawo daga karatu a 1949 shi kaɗai ne ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasa a Sudan, ƙasar da a lokacin ta fi kowace ƙasa faɗi a Afirka. Tambayar da ta tsaya masa a gaba ita ce wadda har yau take gaban Nijar da Chadi da arewacin Najeriya da Kamaru: idan likita ɗaya ne, marasa lafiya kuma ba su ƙirguwa, su wa za su yi aikin, kuma ta yaya za a san abin da ke yi musu amfani?

An haifi Tijjani Muhammad al-Mahi a watan Afrilun 1911 a garin Kawa, a bakin Farin Nilu, kudu da Khartum. Ya yi karatu a Kwalejin Gordon, wadda ita ce makarantar da Turawan Ingila suka kafa don samar wa gwamnatinsu akawuna da malamai, daga nan ya shiga Makarantar Likitanci ta Kitchener da aka buɗe a 1924. Ɗalibai kaɗan ake ɗauka kowace shekara, kuma wanda ya gama yakan shiga aikin gwamnati ne a ƙarƙashin likitoci Turawa. Tijjani ya gama a 1935. Aka yi ta yawo da shi kamar yadda ake yi wa kowane ƙaramin likita: Umdurman, Kosti, Khartum, Wadi Halfa a can iyakar Masar, da yankin duwatsun Nuba.

Fiye da shekara 10 ya yi yana duba zazzaɓi da gudawa da rauni da haihuwa. A nan ya lura da wani abu da bai shiga littattafan da aka koyar da shi ba. Masu taɓin hankali kusan ba su zuwa asibiti. Wanda ya yi ɓarna ko ya zama haɗari a titi, hukuma takan kulle shi a gidan yari. Sauran kuwa, wato mafi yawa, danginsu sukan ɗauke su zuwa wurin shehu.

Masidi da gidan zar

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai gane masidin Sudan da kallo ɗaya. Zaure ne na shehun ɗarika, da masallaci, da makarantar allo da suke kira khalwa, da ɗakunan baƙi, da tukunyar abinci da ba ta sauka daga kan murhu. Mafi shahara a kusa da Khartum shi ne na Umm Dawwan Ban, wanda Shehu al-Ubaid wad Badr ya kafa a ƙarni na 19, inda ake alfahari da wutar karatun almajirai da ba a bari ta mutu. Idan aka kawo mara lafiya, akan ba shi rubutu ya sha, wanda su suke kira mihaya, a yi masa tofi, a ƙona takarda mai ayoyi ya shaƙi hayaƙin. Akan hana shi nama da mai, a bar shi da ɗan tuwo ko kunu. Wanda yake fisge-fisge akan sa masa mari, wani lokaci har da bulala. In ya fara natsuwa sai a kwance shi, a sa shi cikin sallar jam'i da zikiri da aikin gona ko ɗiban ruwa. Wani ɗan'uwansa yakan zauna tare da shi, watanni in ta kama.

Likitan da ya fito daga hannun Turawa yana da hanya mai sauƙi a gabansa, wato ya kira duk wannan jahilci ya wuce. Tijjani ya zauna ya duba. Ya ga abin da ke cutarwa, kuma ba a ɓoye yake ba: yunwa, da miki a ƙafa saboda mari, da mai farfaɗiya ko mai zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa ana yi masa maganin aljani har ya galabaita. Ya kuma ga abin da asibitin gwamnati ba ya da shi. Mutane sun yarda da shehu. Ba a jin kunyar a ce an je wurinsa. Mara lafiya ba ya rabuwa da danginsa, yana da aikin yi, kuma ranar da zai koma gida yana komawa ne a matsayin wanda ya yi zaman ziyara, babu tambarin hauka a goshinsa.

Ɗaya ƙofar da mutane ke bi, musamman mata, ita ce gidan zar. A arewacin Sudan ana kiran babban nau'insa zar bori, kuma wannan kalma ta biyu ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Mace mai yawan ciwon kai ko kasala ko ɓari ko baƙin cikin da aka rasa kansa takan je wurin shaikha, a kaɗa ganguna kwana da kwanaki, a turara wuta, iskar da ke kanta ta sauka ta faɗi abin da take so: tufa iri kaza, turare, dabbar yanka. Iskokin ƙungiya-ƙungiya ne, akwai waliyyai, da Habashawa, da pashoshin zamanin Turkawa, da Turawa masu taba da hula, har da Fallata, wato mutanen yammacin Afirka. Wanda ya san Malam Alhaji da Ɗan Galadima da Sarkin Rafi a borin Hausa ya san irin wannan tsari. Masana sun daɗe suna muhawara kan yawan abin da zar ya aro daga bori da wanda ya zo daga Habasha.

Tijjani ya fara bin diddigin zar tun yana ƙaramin likita, a lokacin da malamai ke la'antarsa, 'yan boko kuma ke jin kunyarsa. Abin da ya fahimta shi ne, wasan yana ba matar da ba ta da bakin magana a gidanta damar fitar da abin da ke cinta a gaban jama'a, ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, tunda ai iska ce ta yi magana. Ya kwatanta shi da hanyar jinya ta wasan kwaikwayo da likitocin Turai suka sani. Ya kuma ɗauki jerin iskokin a matsayin kundin tarihi, domin kusan duk al'ummar da ta taɓa mulkin Sudan ko ta ratsa ta, ta bar hotonta a cikinsu. Bai ce aljanu ne ke kawo ciwo ba, bai kuma shawarci mai tsananin taɓin hankali ya tafi gidan kiɗa ba. Ya dai ƙi yarda a yanke hukunci kan abin da ba a bincika ba.

Masu rubuta tarihinsa a Sudan suna lissafa Hausa cikin harsunan da yake ji, tare da Larabci da Ingilishi da Latin da Farisanci. Ga mai sanin Sudan ta wancan zamani, wannan ba abin mamaki ba ne. Hanyar alhazai ta ƙasa ta ratsa El Obeid da Kosti zuwa gaɓar Bahar Maliya, kuma da yawa sun yada zango ba su ƙara gaba ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, Hausawa da Fulani da Barebari suna cikin waɗanda suka riƙe aikin. Likitan gwamnati a Kosti ba zai yi mako bai haɗu da mai jin Hausa ba. A fannin da duk gwajinsa hira ce, jin harshen mara lafiya daidai yake da na'urar awo a hannun wani likitan.

Landan, sannan Bahri

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka tura shi Landan, ya yi karatu a cibiyar koyar da likitancin ƙwaƙwalwa da ke haɗe da asibitin Maudsley, ya samu difloma a 1949. Ana yi masa laƙabi da uban likitancin ƙwaƙwalwa a Afirka. Laƙabin yana da ɗan gishiri, domin Masar ta riga ta daɗe da asibitin Abbasiyya da likitocinta, amma a ƙasashen kudu da Sahara da wuya a nuna ɗan ƙasa da ya riga shi.

Sai an san irin ilimin da ke yawo a lokacin kafin a gane nauyin da ya ɗauka. Masu rubutu kan hankalin baƙar fata yawancinsu Turawan mulkin mallaka ne, kuma abin da suka sani sun samo shi ne daga mutanen da aka kulle. Mafi suna cikinsu, J. C. Carothers, wanda ya riƙe asibitin Mathari a Nairobi, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 kan hankalin ɗan Afirka, inda ya ɗauki nahiya guda kamar mutum ɗaya mai ƙarancin tunani. An yi ta yaɗa cewa ɗan Afirka ba ya kamuwa da ciwon damuwa. Dalilin kuskuren a fili yake ga wanda ya zauna a masidi: mai ciwon damuwa ba ya fasa kasuwa, saboda haka ɗan sanda ba ya kama shi, Bature kuma ba ya ganinsa. Yana can gida a kwance, ko a zauren shehu. Samfurin da aka yi bincike a kansa ne gurgu, kuma babu mai iya gyara wannan sai wanda ya san inda sauran marasa lafiyar suke.

Da ya dawo, Tijjani ya buɗe wurin duba marasa lafiya a Bahri, wato Khartum ta Arewa, da sunan asibitin cututtukan jijiya. Ko sunan kansa dabara ce, domin mutum zai iya cewa jijiya ke damunsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Wuri ne na a zo a koma gida. Mara lafiya yakan zo da danginsa, a saurare su gaba ɗaya, a ba shi magani, ya koma cikin mutanensa. Waɗanda kotu ta tsare saboda laifi suna da nasu wurin dabam a Kobar. Kayan aikin likita a lokacin ba su da yawa: magungunan sa barci, da jinyar lantarki, da hira. Maganin farko da ya iya kwantar da tsananin taɓin hankali, chlorpromazine, sai a 1952 likitocin asibitin Sainte-Anne na birnin Paris suka fara gwada shi a kan masu wannan ciwo.

Ƙidayar farko da aka yi a Sudan, a 1955 zuwa 1956, ta nuna mutum miliyan 10 da 'yan kai. Ko da Tijjani zai duba mutum 50 kullum ba hutu, ba zai kai ga ko ɗan yankin masu buƙata ba. Daga wannan lissafi ne sauran aikinsa ya fito.

Abu na farko da ya yi shi ne ƙulla zumunci da shehunai. Yakan je wurinsu da ladabin da ya dace, ya zauna a tabarmarsu, ya yi magana da harshen da suke girmamawa, domin ya san Alƙur'ani da tarihin likitocin Musulunci sanin da ba za a raina ba. Bai nemi su rufe ƙofa ba, bai kuma nemi su zama ma'aikatansa ba. Abin da ake nema a irin wannan hulɗa ƙarami ne a baki, babba a aikace: shehu ya gane alamomin da suka fi ƙarfin zaurensa ya tura su asibiti, ya bar mara lafiya ya sha ƙwayar likita tare da rubutunsa, a sassauta horon yunwa da duka. Shi kuma likita ya amince cewa akwai waɗanda zaman masidi ya fi yi musu amfani, ya mayar da su can da hannunsa. Idan shehu ne ya ce a sha magani, ana sha. Wannan kaɗai ya fi wa'azin likita goma.

Hanyar tana da masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Likitan da ya shiga zauren da ake ɗaure mutane ya fita bai ce a kwance kowa ba, ana iya cewa ya sa wa marin albarka. Shekaru da dama bayan Tijjani, masu bincike sun ci gaba da samun mutane a ɗaure a masidan Sudan, kamar yadda aka gani a gidajen mari na Kaduna da Katsina da 'yan sanda suka fasa a 2019. Sai dai wanda ya ce a yi gaba da shehunai, wajibi ne ya faɗi inda zai kai dubban da ke hannunsu. Tijjani ba shi da gadajen da zai kwantar da su, kuma bai ga alamar cewa babban gidan mahaukata irin na Turai, inda mutum ke shiga ya tsufa, ya fi masidi rahama ba.

Abu na biyu shi ne neman magaji tun da wuri. Ya jawo matasan likitoci zuwa fannin da ba shi da farin jini, fannin da har abokan aiki ke yi wa mai shi kallon wanda ya kusa zama irin marasa lafiyarsa. Wanda ya fi fice cikinsu shi ne Taha Ba'ashar, wanda shi ma ya yi karatu a Landan, ya karɓi ragamar aikin a Bahri lokacin da Tijjani ya tafi. A hannun Ba'ashar hulɗa da masidin Umm Dawwan Ban ta zauna da gindinta, har ta zama misalin da ake kawowa a tarukan duniya. Shi ne kuma ya yi binciken ƙirga masu taɓin hankali a yankin Wadi Halfa a farkon shekarun 1960, gab da a tashi mutanen wurin saboda ruwan madatsar Aswan. Maimakon a jira wanda aka kawo asibiti, sai aka shiga cikin gari aka ƙirga. Irin wannan bincike ne ke gaya wa gwamnati ma'aikata nawa take buƙata da kuma inda za ta ajiye su.

Iskandariyya da fadar gwamnati

A ƙarshen shekarun 1950 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki Tijjani a matsayin mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa a ofishinta na yankin gabashin Bahar Rum, wanda a lokacin yake Iskandariyya. Ya zauna a wannan kujera har 1964, yana zagaya ƙasashen yankin yana ba ma'aikatun lafiya shawara kan tsara aiki da horar da ma'aikata. A nan ya rubuta yawancin maƙalunsa. Ya yi nazari kan ganyen kat da ake taunawa a Yaman da ƙahon Afirka, ya haɗa shi da tarihin yadda malamai suka yi ta jayayya kan halaccin gahawa kafin ta zama abin shan kowa. Ya rubuta kan wiwi, da al'adun abinci da abubuwan da ake ƙyamar ci, da ma'anar lafiyar hankali a al'adu dabam-dabam. A 1959 ya fitar da littafi da Larabci, gabatarwa ga tarihin likitancin Larabawa. Salon nasa ɗaya ne a ko'ina: kafin a kafa doka ko a buɗe asibiti, a fara sanin tarihin abin da matsayinsa a rayuwar mutane.

Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. A Najeriya, Thomas Adeoye Lambo, wanda shi ma ya bi ta Maudsley, ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta a 1954, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, masu maganin gargajiya kuma suna cikin aikin. A Dakar, likitan Faransa Henri Collomb ya karɓi sashen asibitin Fann a ƙarshen shekarun 1950, ya buɗe ƙofa ga dangi da masu ndëpp, wanda shi ma ɗan'uwan bori ne. Lambo ya kira taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta a watan Nuwamban 1961, Tijjani yana cikin manyan da suka halarta. Khartum da Abekuta da Dakar, da Larabci da Ingilishi da Faransanci, duk sun iso wuri guda, kuma Tijjani ne ya riga sauran fara aiki.

Sai siyasa ta kutso. A watan Oktoban 1964 'yan sanda suka harbe ɗalibi Ahmad al-Kurashi a Jami'ar Khartum, gari ya tashi, likitoci da lauyoyi da malamai da ma'aikata suka shiga yajin aiki, mulkin Janar Ibrahim Abbud ya faɗi. Aka kafa majalisar mutum 5 da za ta riƙe matsayin shugaban ƙasa daga Disamban 1964, ana karɓa-karɓar shugabancinta. Uku daga cikin biyar ɗin likitoci ne: Abdul Halim Muhammad, da Mubarak Shaddad, da Tijjani al-Mahi. Da Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ta kawo ziyara a Fabrairun 1965, shi ne ke kan kujera, shi ya tarbe ta. Sudanawa har yau suna son ba da labarin yadda ya ba baƙin mamaki da sanin tarihin ƙasarsu. Zuwa tsakiyar 1965 an yi zaɓe, majalisar ta sauka, ya koma ga marasa lafiyarsa da littattafansa. Wata shida ne kacal, kuma shi ne ɓangaren rayuwarsa da ya fi ƙarancin tasiri, ko da yake shi aka fi ɗaukar hotonsa.

Littattafan kuwa ba ƙananan kaya ba ne. Duk inda ya je yakan sayo tsofaffin bugu da rubuce-rubucen hannu da taswirori da tsabar kuɗi na dā da kan sarki. Ya koyi karanta rubutun Fir'aunonin Masar don ya bi tarihin magani tun daga tushe. Ana ƙiyasta abin da ya tara ya kai guda 20,000, kuma bayan rasuwarsa aka miƙa su ga ɗakin karatu na Jami'ar Khartum. Akwai abin takaici a nan: mutumin da ya karanta wannan duka bai zauna ya rubuta babban littafi kan fanninsa ba. Aikinsa kan zar bai fito a bugu yana raye ba. Abin da ya bari maƙalu ne da laccoci a warwatse, sai da Ahmad al-Safi da Taha Ba'ashar suka tattara wasu suka buga a 1981.

A 1969 Jami'ar Khartum ta ba shi kujerar farfesan likitancin ƙwaƙwalwa. Wannan ita ce ƙofar da ya daɗe yana nema, domin daga nan ne kowane ɗalibin likitanci, ko da zai ƙare a asibitin karkara, zai fita da sanin yadda ake gane ciwon damuwa da farfaɗiya da taɓin hankali. Bai daɗe a kanta ba. Ya rasu ranar 8 ga Janairun 1970, yana da shekara 58. Allah Ya jiƙansa.

Abin da ya biyo baya

A shekarun da ke kewaye da rasuwarsa an buɗe sashen masu taɓin hankali a babban asibitin Khartum, da wasu a Wad Madani da Port Sudan da El Obeid da Atbara, a cikin asibitocin kowa da kowa. A 1971 aka mayar da tsohon asibitin mishan na Umdurman ya zama asibitin ƙwaƙwalwa na ƙasa, aka sa masa sunansa. Na Bahri kuma daga baya ya ɗauki sunan Taha Ba'ashar, wanda shi ma ya bi sawun malaminsa zuwa kujerar Iskandariyya.

Gwajin da ya fi kusa da tambayar Tijjani ta farko an yi shi ne daga 1975, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara wani bincike na haɗin gwiwa kan yadda za a kai jinyar ƙwaƙwalwa inda babu ƙwararru. Wurare huɗu aka fara da su: Raipur Rani a Indiya, wata unguwa a birnin Cali na Kolombiya, Niakhar a Senegal, da yankin Shajara zuwa Jabal Auliya a kudancin Khartum. An gano cewa cikin masu zuwa ƙananan asibitoci da kukan ciwon kai ko ciwon jiki ko rashin barci, akwai kaso mai yawa da damuwa ce ke cinsu, kuma ma'aikatan wurin ba su gane yawancinsu. Aka tsara 'yan tambayoyi 20 masu amsar e ko a'a da malamin asibiti zai iya yi wa mutum cikin mintoci kaɗan, aka kuma horar da mataimakan likita da ma'aikatan jinya su riƙa kula da wasu cututtuka da 'yan magunguna ƙalilan. Waɗannan tambayoyi an fassara su zuwa harsuna da dama, kuma har yanzu masu bincike na amfani da su. Shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2008 don cike giɓin jinyar ƙwaƙwalwa a ƙasashe matalauta a kan wannan tunani aka gina shi.

Inda aikin ya gaza shi ne riƙe mutanen da aka horar. Sudan ta yaye likitocin ƙwaƙwalwa masu kyau, amma albashi da siyasa suka kwashe da yawa zuwa Saudiyya da ƙasashen Gulf da Birtaniya da Ireland. Waɗanda suka rage, mafi yawansu a Khartum da kewayenta suka taru, yankuna kamar Darfur da Kordofan da Shuɗin Nilu suka ci gaba da dogaro da shehu da ɗan mataimakin likita. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya faɗo ne a kan birane ukun da ƙwararrun suka taru a cikinsu, Khartum da Bahri da Umdurman. Asibitoci da dama sun daina aiki, miliyoyin mutane sun bar gidajensu, ciki har da Hausawan Sudan, dubban ɗaruruwa kuma suka tsallaka zuwa Adre da sauran sansanonin gabashin Chadi.